Tambaya: wa da wa za ni sa a CNSS cikin yarana, kuma nawa ake yankewa ga albashi?

Mai_Tanda_Tawa

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, da fatan an wuni lahiya. Ni dai ina da ɗan gidan burodi nan Tawa, shekara shida ke nan da na buɗe shi da ɗan abin da na taro can Abijan, kuma tun da na hwara ban san wata takarda ba in ba NIF, lambar mai biyan haraji, da ta lanho, wato harajin kanshi, ba, ƙarshen wata ina kiran yara ɗai-ɗai in ƙirga musu kuɗɗinsu a hannu mu yi ma juna addu'a, shi ke nan. To yanzu Allah ya kawo wata kasuwa, wata makarantar kwana na son in riƙa kai musu burodi kullum da sahe, amma sun ce sai na haɗa dosiye, cikin dosiyen har da takardar CNSS, wato Kes, asusun ritaya da haɗarin aiki na ma'aikata, mai nuna ina zuba ma ma'aikatana, da ta lanho mai nuna ba a bina komi. Nan kaina ya ɗaure.

Ga yadda mutanena suke. Masu kwaɓi da gashi mutum biyu, kowa jika 60 ga wata, suna shigowa ƙarhe 2 na dare su tashi wajen 10 na sahe. Yarinya guda mai zama wurin saidawa, jika 35. Mai gadi dattijo ne, jika 30 da abincin dare da burodi biyu da sahe. Sai yaron da ka rarraba ma masu shayi da masu tebur bisa babur, shi ba shi da albashi, kowane burodi ya saida akwai ɗan abin da shika samu, babur ɗin nau ne amma shi ka zuba esans. Sai ɗan yayata mai shekara 16 da na ɗauko daga ƙauye shina koyon aiki tare da masu gashi, wanga ɗana ne, na sabulu kawai nika ba shi. Na ƙarshe mai gyaran gurup, injin wuta, da mashin ɗin kwaɓi, in kuran ya yi wasa ko mashin ya tsaya in kira shi ya zo ya gyara in biya shi ya tahi.

To don Allah masu sani, cikinsu wa za ni rubutawa? Wani abokina ya ce wanda ba ku yi kwantira, wato yarjejeniyar aiki, a takarda ba ba ma'aikacinka ba ne, haka ne? Kuma kuɗɗin Kes ɗin nan duka ga albashinsu za ni yanke ko ƙaƙa? Ba ni son in ci haƙƙin kowa, kuma ba ni son kasuwag ga ta wuce ni.

Kwantabul_Yamai

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Aikina ke nan kullum, ina riƙe wa ƙananan kamfanoni lissafin albashi a nan Yamai, to bari in faɗa maka yadda abin yake, ka yi haƙuri zan ɗan ja.

Maganar abokinka ba haka take ba. Dokar aiki ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ba takarda take dubawa ba, abin da take dubawa shi ne mutum yana yi maka aiki kana biyansa kuma yana ƙarƙashin umarninka. Wa ke faɗin lokacin zuwa da lokacin tashi? Kayan aikin na wa ne? In ya yi latti wa ke yi masa faɗa? In amsar duka kai ne, to ma'aikacinka ne ko da baki kawai kuka yi magana, ko a hannu kake biyansa, ko kullum-kullum kake sallamarsa. Rashin takardar ma kai yake cuta, don ran da rigima ta kai ku gaban insipektan aiki za a ɗauka aikin dindindin ne, tun da ba ka da abin da zai nuna kun yanke wa'adi.

Saboda haka masu gashi biyu, yarinya, da baba mai gadi, waɗannan babu ko tantama. Mai gyaran gurup kuma ba naka ba ne, yana da kayan aikinsa, yau yana wajenka gobe yana wajen mai walda, shi ke yanka farashinsa. Abin da kake buƙata daga gare shi faktir ne kawai, takardar kuɗin aikin da ya yi, ka ajiye. Yaron babur shi ne mai ɗan rikici, amma yadda ka kwatanta shi ni ma'aikaci nake gani, babur naka, burodi naka, kuma na san kai ke ce masa ya zo ƙarfe kaza. Biyan mutum bisa abin da ya sayar wata hanya ce ta biyan albashi, ba ta fitar da shi daga cikin ma'aikata.

Sai wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Mafi ƙarancin albashi, SMIG, ya tashi daga 30.047 ya koma 42.000 tun watan Janairu 2024. Yarinyar da ke jika 35 da baba mai jika 30 duk suna ƙasa da shi. Ran da ka kai sunayensu da waɗannan alkaluma nan take za a gani.

Yanzu Kes. Kuɗin kashi biyu ne, kuma nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Ma'aikaci ana yanke masa kashi 5,25 cikin 100 na albashinsa, wannan na ritayarsa ne. Kai patoro, mai ba da aiki, kana zuba kashi 16,4 cikin 100 daga aljihunka: 8,4 na kuɗin iyali, 1,75 na haɗarin aiki, 6,25 na ritaya. Wannan 16,4 ba ka da ikon taɓa albashinsa don ka biya shi, ko da shi ya yarda. Ɗauki mai gashi ɗaya mai 60.000, za ka yanke masa 3.150, kai ka ɗora 9.840, ka kai wa Kes 12.990 a kansa kowane wata. Wanda ke kan 42.000 nasa 2.205, naka 6.888. Akwai kuma ɗan kason ANPE, hukumar samar da aikin yi, da patoro ke biya tare da shi. Tun da mutanenka ba su kai 20 ba, duk wata uku za ka riƙa yin deklarasiyon, wato ka bayyana albashin da ka biya, kana zuba kuɗin, amma shawarata ka ware kuɗin duk wata ka ajiye gefe, don in suka taru na wata uku kuma ga bashin fulawa, hannu zai shiga.

Abu na biyu da ake yankewa bayan Kes shi ne harajin albashi, ITS, wanda tsofaffi ke ce wa IUTS har yanzu. Wannan na ma'aikaci ne gaba ɗaya, kai ɗan aike ne kawai, ka yanke ka kai wa ma'aikatar lanho kafin 15 ga watan da ya biyo. Hawa-hawa yake, daga kashi 1 har zuwa 35 cikin 100, kuma kowane hawa da abin da ya faɗo cikinsa kawai ake lissafa shi. A teburin da muka daɗe muna aiki da shi, jika 25 na farko kashi 1, daga nan zuwa jika 50 kashi 2, daga 50 zuwa 100 kashi 6. Kuma ba a kan 60.000 ɗin za ka buga ba, sai ka fara cire na Kes, ka cire kashi 10 na ɗawainiyar aiki, abin da ya rage wajen jika 51 ne. To 250, da 500, da ɗan abin da ya hau kan jika 50, duka wajen 800 ke nan, in yana da mata da yara da aka rubuta ma a ƙara rage masa. Ka ga ba shi ne mai nauyi ba. Sai dai ka karɓi teburin bana a biron lanho na Tawa kafin ka fara, don dokar kuɗi ta kowace shekara takan taɓa wasu abubuwa.

Dan_Katako

Malam kwantabul ka yi bayani mai kyau amma kai a biro kake, mu muna kasuwa. Alhaji ni shawarata ka rubuta masu gashin nan biyu kawai ka karɓi takardarka ka ci kasuwarka, haka kowa ke yi. Ka lissafa fa, kan mutum biyu kaɗai kusan jika 20 kake ƙarawa duk wata, ka ɗaga yarinya da mai gadi zuwa 42, ka ɗora musu nasu, ga fulawa ga gasuwal ga haya, burodin kuma ba kai ke yanka masa farashi yadda kake so ba, in ka ƙara ko dala biyar masu shayi su koma wajen maƙwabcinka da bai san hanyar Kes ba. Kuma yaran su kansu ba sa so, ni na gwada, yaro ya ce min Alhaji ka ba ni kuɗina cif, wa ya san zan kai shekara 60. Ba wai ina goyon bayan zalunci ba ne amma a duba halin da ƙananan 'yan kasuwa ke ciki.

Maman_Biyu

Dan_Katako yayana, na ji ka kuma na san ba ƙarya kake ba kan tsadar kaya, amma bari in ba ka labarin gidanmu don wanda ba a rubuta ba shi ma yana da iyali.

Maigidana ya yi shekara tara a wani wurin aiki nan Yamai, ba zan faɗi suna ba. Duk wata ana ba shi 'yar takarda an rubuta an yanke na Kes kaza, shi kuma hankalinsa kwance, har yakan ce min in ya tsufa ba zai ɗora wa yara nauyi ba. Ranar da mashin ya kama masa yatsu biyu na hannun dama muka tafi likita, ni na ɗaure hannun da kallabina cikin taksi jini na ɗiga kan zanena. Bayan an sallame mu muka je Kes neman haƙƙin haɗarin aiki, aka buga sunansa aka buga lambar da ke kan takardar, babu shi. An rubuta mutum huɗu a wurin, sauran duk ana yanke musu ne kuɗin na tsayawa a hanya. Wallahi har yau in na tuna fuskarsa lokacin da matar da ke gishe ta juyo da allon kwamfuta ta nuna masa, hawaye ke zo min. Mun kai ƙara ansipeksiyon, an zauna sulhu, an ba shi wani abu, amma shekara tara ba ta dawo ba, kuma kuɗin iyali na yaranmu da ya kamata mu riƙa karɓa duk tsawon lokacin nan ko dala ba mu gani ba don ba mu ma san akwai shi ba.

Alhaji Mai_Tanda, kai da ke da mashin ɗin kwaɓi da wutar tanda da yaro bisa babur da asuba cikin duhu, wa za ka zaɓa ka ce shi haɗari ba zai same shi ba? Don Allah in ka yanke, ka kai. Kuma ka ba kowa lambarsa a hannu ya je da ƙafarsa ya duba sunansa na nan. Yarinyar nan mai saidawa ma gobe aure za ta yi, hutun haihuwa sati 14 ne a doka, in tana cikin Kes ba kai kaɗai za ka ɗauki nauyin ba.

Tsohon_Dalage

Allah ya ƙara wa maigidanki lafiya 'yata. Na yi dalage, wato wakilin ma'aikata, shekaru kafin in yi ritaya, irin wannan labari na ji shi ba sau ɗaya ba.

Ni kan yaron babur zan ɗan saɓa wa kwantabul, ko in ce in ƙarasa masa. Akwai yaron da ke zuwa da baburinsa ya sari burodi ɗari a farashin sari, ya biya ko ya ɗauka bashi, in ya yi kwantai asararsa ce, gobe in ya ga dama ya sari na wani gidan. Wannan ɗan kasuwa ne, abokin cinikinka ne. Akwai kuma wanda kai ke ƙirga masa, kai ke faɗa masa ya bi ta tasha ya bi ta kasuwa, abin da ya rage ya maido maka. Alhaji kai ka san wane ne naka a ciki. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka riƙe shi kamar na biyu ka kira shi da sunan na farko. In ka bar shi a matsayin ma'aikaci, abin da yake samu a wata shi ne albashinsa, a kansa ake buga Kes, kuma in yana cika lokacin aiki bai kamata ya gaza SMIG ba ko da wata ya yi rashin ciniki.

Amma abin da ya fi damuna ɗan yayarka. Na san yadda muke, ɗan 'yar'uwa ɗa ne, kuma koya masa sana'a alheri ne babba. Shekara 16 ya isa koyon aiki, doka daga 14 ta yarda. Sai dai yaron da bai kai 18 ba ba a sa shi aikin dare, kai kuma ka ce masu gashi ƙarfe 2 suke shiga kuma tare da su yake. Ka maido shi na safe. Kuma ku yi takardar koyon sana'a da sa hannun uwarsa ko ubansa, a faɗi shekara nawa zai yi da abin da za a koya masa, don na sha ganin yaro ya shekara bakwai ana ce masa apiranti alhali shi ke riƙe da tanda, ran da ya buɗe baki ya nemi albashi zumunci ya lalace har ƙauye.

Su ma masu gashin, awa 40 ne aikin sati. Daga 2 zuwa 10 awa takwas ne, in kwana bakwai suke yi ka ga 56 ke nan, abin da ya hau 40 ana biyansa da ƙari, kuma dole a sati su samu hutun awa 24 a jere. Konje, wato hutun shekara, kwana biyu da rabi ne kowane watan aiki, wata guda ke nan a shekara, da albashinsa.

Mai_Tanda_Tawa

Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka da alheri. Maman_Biyu labarinki ya tsaya mini a rai, jiya da dare na tsaya ina kallon hannun yaron nan cikin mashin ɗin kwaɓi ban iya cewa komi ba. Baba Dalage, yaron babur na biyun ne, ni ka ƙirga mishi kuma shina maido mini kwantai, na yarda.

To ga wata sabuwa. Na tara masu gashi na yi musu bayani, babbansu ya ce shi jika 60 munka yi da ni a hannu, bai yarda a taɓa ko dala ba, in dai ina son rubuta shi to in rubuta amma 60 ɗinshi ta zo cif. Kuma gaskiya tai, haka munka yi. Malam kwantabul ƙaƙa za a yi da wanga? Sannan shekarun da sunka wuce hwa, in ce yanzu na ɗauke su ko in hwaɗi gaskiya? Akwai kuma abans, kuɗɗin da aka amsa kahin albashi shi zo, kusan kowa na cin abans kahin wata shi mutu, shi ina za ya shiga cikin lissahi?

Kwantabul_Yamai

Alhaji mai gashinka yana da hujja. In 60.000 a hannu kuka yi, to wannan shi ne net, wato abin da ke shiga aljihunsa bayan an gama yanka, sai ka hau sama ka nemo albashin da in an yanke zai sauko kan 60. Na buga maka, wajen 64.500 ne. A kan wannan za a yanke masa na Kes kamar 3.400 da ITS wajen jika ɗaya, ya tashi da 60 ɗinsa, kai kuma 16,4 ɗinka ya zama kamar 10.600. Duka-duka mutum ɗaya zai riƙa cin maka kusan jika 75 a wata maimakon 60. Ban ɓoye maka ba, da nauyi, kuma a nan Dan_Katako ya yi gaskiya. Abin da zan ce shi ne ka sa wannan lissafin cikin farashin da za ka ba makarantar tun kafin ka sa hannu, su da suka nemi takardar Kes sun san mai ita ba zai yi farashi ɗaya da marar ita ba. Ko kuma ku raba da yaran, ka ƙara musu wani abu su ma su ɗauki wani abu daga nasu kason, amma da yardarsu kuma a rubuce, kar su ga an rage kawai ranar biya.

Shawarar a rubuta biyu a ɓoye sauran ba zan ba ka ita ba. Masu kontorol na Kes suna zuwa wurin aiki su ƙirga kawuna, kuma ko ba su zo ba, ma'aikaci ɗaya da kuka ɓata ya isa ya kai maganar, daga nan sai a koma baya a lissafa maka naka da nasu duka da tara a sama, kuma nasu ɗin da ba ka yanke a lokacinsa ba kai za ka biya. Haka zancen shekarun baya, kar ka rubuta ranar ƙarya, mutumin da ya yi shekara shida da kai duk unguwa shaida ce, kuma waɗannan shekarun suna cikin lissafin ritayarsa da na kuɗin sallama in wata rana kun rabu. Ka je biron Kes na Tawa da kanka ka faɗi yadda abin yake, ka nemi a tsara maka biyan na baya kaɗan-kaɗan. Wanda ya kawo kansa da wanda aka kamo ba a yi musu kallo ɗaya.

Abans ba ya rage albashin da ake buga Kes da ITS a kai. Ka lissafa komai kan cikakken albashi, can ƙasan takardar albashi sai ka cire abans ɗin da ya ci. Ka sayi kaye guda na abans kawai, kwanan wata, adadi, sa hannu ko dangwale. Kuma kowane wata kowa ya samu takardar albashinsa, kai ma ka riƙe kwafi: albashi, awannin ƙari, abin da aka yanke na Kes, ITS, abans, abin da ya karɓa. In haɗari ya faru, Allah ya kiyaye, cikin awa 48 ake sanar da Kes, kar a tsaya sai an ga yadda ciwon zai yi.

Mai_Tanda_Tawa

To madalla. Yaron yayata na maishe shi na sahe tun shekaranjiya, shina taya yarinya saidawa kuma da rana babban mai gashi na nuna mishi awon hulawa da yis, na kira uwatai na gaya mata za mu yi takarda in ta shigo gari ran kasuwa. Yarinya da baba mai gadi na ce musu daga wanga wata 42 ne, baba har ya tambaye ni ko wani laihi ya yi da za a sallame shi, sai da na zauna na yi mishi bayani.

Na tahi biron Kes yau da sahe an ba ni takardun cikawa, sun ce kowane ma'aikaci shi kawo takardar haihuwa da hoto, masu iyali su haɗo da ta aure da ta ɗiyansu. Huɗu suna da tasu. Baba mai gadi ne ba shi da ko guda, ya ce shi dai an gaya mishi an haihe shi shekarar da anka yi wata babbar yunwa can wajen Keita, to gobe in Allah ya kai mu za ni ɗauke shi bisa babur mu tahi kotu mu tambayi yadda za a yi mishi jijma, takardar kotu mai tsayawa madadin ta haihuwa, in akwai wanda ya san shaidu nawa aka nema da abin da za mu riƙa a hannu don Allah shi rubuto mini kahin sahe.